Shin 510,511 firam ce? Malaman lissafi na Kebbi

Malamin sakandare, Argungu: Assalamu alaikum malamai. Ɗalibai na yawan rantsewa cewa 510,511 firam ce, wato ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. Hujjarsu: ta fito daga 2×3×5×7×11×13×17, wanda ya ba da 510,510, aka ƙara 1. Ya kuke warware musu a allo?

Malama, Birnin Kebbi: Wa'alaikumus salam Malam. Hujjar Yuklid, masanin lissafin Girka na dā, wadda ta nuna lambobin firam ba su da iyaka, suka ɗauka a karkace. Abin da ƙarin 1 ya tabbatar kawai shi ne babu ɗaya cikin waɗannan bakwai da zai raba ta, kullum saura 1. Bai hana wata firam ta gaba ta raba ta ba. Ga ƙarama da ke saurin gamsar da su: 30,031, mai irin wannan gini, 59×509 ce.

Malami, Yauri: Gara su gwada da hannunsu. Mara ce, 2 ta fita. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba. Alƙalumanta sun haɗu 13, 3 ba ta shiga. Don 7, 11 da 13 a yi amfani da 1,001, tunda 7×11×13 ce: a yanka lambar uku-uku, 511 a cire 510, saura 1, duka ukun sun faɗi lokaci guda. 17 ma saura 1 take bari. Sai 19, nan ta fashe: 19×26,869.

Malama, Zuru: Daga nan ake yin ɓarna. Wasu suna tsayawa, su ɗauka 26,869 firam ce. Wasu kuma ba su san inda za su tsaya ba. Iyakar gwaji ita ce lambar da in aka ninka ta da kanta za ta kai wadda ake bincike. A farko iyakar 714 ce, amma bayan cire 19 ta sauko 163, domin 164×164 ya wuce, 26,896 ne. A sake gwada 19 tukuna, don firam na iya maimaituwa, sannan 23, 29, 31 har 97. Hanyar da nisa, yara kan gaji su shiga gwada 51, 57 da 91, alhali ba firam ba ne, 91 ɗin ma 7×13 ce. A 97 ake samun 277, ita kuwa firam ce, gwaji zuwa 13 ya ishe ta. A kula da kalkuleta: in an saita ta tana datse abin da ke bayan ɗigo, sai ta nuna kamar babu saura. A ninka amsar a koma.

Malami, Jega: Madalla Malama. Tunda 19×97×277 ce, kowacce sau ɗaya, masu raba ta 2×2×2 ne, takwas: 1, 19, 97, 277, 1,843, 5,263, 26,869 da ita kanta. Bakwai na farko sun haɗu 34,369 kacal, nesa ƙasa da ita, don haka tana cikin lambobi masu gibi. Ku sa su kwatanta da maƙwabciyarta 510,510, mai masu rabawa har 128.