An kawo mini tubabbun 'yan daba uku shagon walda, yaya zan riƙe su?

Mai Walda:
Assalamu alaikum. Shagona yana wani ƙauye a ƙasar Gezawa. Makon jiya dagaci ya ce in karɓi samari uku da suka fito daga gidan gyaran hali na Goron Dutse, in koya musu sana'a. Wa zai ce wa dagaci a'a? Sai dai biyu dabarsu ɗaya, na ukun kuwa daga dabar da suke gaba da ita ya fito, har yanzu da tabon sara a kafaɗarsa. Shago kuma daga guduma sai rodi sai injin yankan ƙarfe. Jiya ko kwano ɗaya sun ƙi haɗawa. Ku ba ni shawara.

Tsohon Ganduroba:
Wa alaikumus salam, malam. Kada ka yi gaggawar sulhunta su, gabar daba ba ta mutuwa da musabaha. Raba musu lokaci tukuna, wasu hantsi, wani bayan azahar. Amma ni biyun nan sun fi damuna. Lura da kyau, a cikinsu akwai oga akwai yaro. Wa ke aiken wani sayen sigari? Muddin suna tare, yaron ba zai saurare ka ba, idon ogansa yake kallo. Ƙirga kayan aiki safe da yamma, har da na tsofaffin yaranka, kada su ga su kaɗai ake zargi. Kuma ko da wasa kada a ƙera wuƙa ko barandami a shagon, ko an ce na farauta ne. Tambayi dagaci ko wa'adinsu ya ƙare. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ta ba da damar wasu su ƙarasa hukuncinsu a waje, irin waɗannan akwai jami'in da ke bibiyarsu, ka nemi ka san shi.

Maman Ummi:
Baba ya manta da ƙwaya. An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma tiramol da sholisho suna nan. Ɗan ƙanena ya dawo daga makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru garau, ranar da aka damƙa masa kuɗin mako a hannu muka rasa shi kwana huɗu. Ka ba su na abinci kullum, ragowar a ajiye wajen iyaye da saninsu.

Ɗan Ringim:
Duk ku jira lokacin zaɓe, ranar da mota za ta tsaya a bakin shago ana neman "yara".

Mai Walda:
Na gode. Baba, ka yi gaskiya, dogon ne ke aiken ƙaramin. Gobe zan mayar da ƙaramin ɓangaren fenti.