Kyamarori masu juyawa sun daina amsa umarni bayan tsawa, amma hoto yana zuwa

Ɗan Garwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina kula da kayan tsaro na wani sito na hatsi a Garwa, kuma tsarin tsohon yayi ne, wanda hoto ke bin wayar coaxial zuwa na'urar DVR mai naɗar hoto. Kyamarori biyu masu juyawa ne, ɗaya a bakin ƙofa, ɗaya a kan turke a bayan sito. Tun ruwan da aka yi da tsawa a makon jiya hoto yana zuwa sarai, amma duk abin da na danna ba sa motsi, kuma ba sa jawo hoto kusa. Mai sito ya ce a sayi sababbi, ni kuwa ina ganin ɓarnar kuɗi ce tunda suna gani. Don Allah ta ina zan fara?

Mai gyara daga Marwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Zuwan hoto ba ya nuna cewa hanyar umarni lafiya take, domin a irin wannan tsarin umarni yana bin wasu siraran wayoyi biyu dabam, na RS-485, masu alamar A da B. Ka fara cire wa kyamarar wuta ka mayar. Idan ta juya da kanta hagu da dama, sama da ƙasa, to injinanta da wutarta lafiya suke, kuma da yawa daga cikinsu sukan rubuta abubuwa uku a kan allo a wannan lokacin: lambar kyamara, tsarin umarni da saurin aika saƙo. Dole ne ukun su yi daidai da abin da ke cikin saitin DVR. Tsarin umarni na Pelco-D yakan zo da saurin 2400, na Pelco-P kuma da 4800, ko da yake ana iya sa 9600. Na sha ganin tsohuwar DVR ta koma saitin kamfani bayan ɗaukewar wuta, a yi ta zargin kyamara alhali ba ta da laifi.

Na Ngaundere ya amsa:

Maganar Malam na Marwa daidai ce, sai dai tsawar nan ita ce ta fi tsaya mini a rai. Kyamarorin biyu layi ɗaya suke bi, kuma idan ƙaramin IC na RS-485, wato ɗan guntun lantarki mai karɓar umarni, ya ƙone a ɗaya, yana iya riƙe layin gaba ɗaya har lafiyayyar ma ta daina amsawa. Wadda ke kan turke, mai doguwar waya a fili, ita zan fara zargi. Ka cire wayoyinta biyu daga layin, sannan ka gwada ta bakin ƙofa ita kaɗai. Idan har yanzu shiru, ka ɗora mitar awon wuta tsakanin A da B a bayan DVR kana danna maɓallin juyawa. In karatun bai motsa ba, ɓarnar tana cikin DVR. Ka kuma buɗe wuraren da aka haɗa waya, domin ruwan damina yakan shige ƙarƙashin salatif, jan ƙarfen ya yi kore. Tsawon waya ba zai zama matsala a sito ba, tunda RS-485 yana kaiwa kusan mita 1200.

Ɗan Garwa ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Saiti bai canza ba, amma ina cire ta bayan sito sai ta bakin ƙofa ta fara juyawa nan take. Shin ana gyara wadda ta ƙone?

Na Ngaundere ya amsa:

Ana gyarawa, Malam. Yawanci IC ne mai ƙafa 8 irin MAX485, kuma mai gyaran talabijin da ya iya hannu zai canza shi. Kafin ka mayar da ita kan turke, ka sa na'urar kariya daga tsawa a layin umarnin, ka haɗa ta da ƙarfen da aka binne a ƙasa, domin damina ba ta ƙare ba.