Zaiba a Ƙasan Tafki: A Yashe Lakar ko a Bar Ta?

Injiniya: Matsayata ɗaya ce. Tafkin da zaiba ta kwanta a lakarsa, a toshe inda gubar ke shigowa, sannan a ƙyale shi. Duk shekara sabuwar laka na sauka ta binne tsohuwa. Mai shiga da injin yasa tsokanar abin da ke barci kawai yake yi.

Malama: Injiniya, wane barci? Tsakanin 1962 da 1970 wata masana'antar takarda a garin Dryden na Kanada ta zubar da kimanin tan 9 na zaiba a kogin Wabigoon. An daina zubarwa, amma yau fiye da shekara 50 mutanen Grassy Narrows, al'ummar da ke cin kifin kogin, na fama da kifi mai guba. Har yaushe za su jira?

Likita: Ku bari in sa baki. Lakar ƙasan tafki ba kabari ba ce. Can inda babu iskar oksijin akwai bakteriya masu juya zaiba ta koma metilmakuri, wadda ke maƙalewa a tsoka. Ƙananan halittu su ɗauka, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya haɗiye ƙarami, a kowane mataki tana ƙara taruwa. Ruwan sai ka gan shi garau, gubar tana cikin naman kifin, kuma dafuwa ba ta fitar da ita. Ƙwaƙwalwar ɗan tayi ta fi kowa shan wahala.

Injiniya: Likita, ban musa ba. Amma a wani tafkin gwaji a Ontario masana sun riƙa zuba zaiba mai alamar da za su iya bin sawunta daga 2001 zuwa 2007. Da suka daina, cikin 'yan shekaru ta ragu sosai a jikin kifi, ba tare da an taɓa laka ba.

Malama: Wannan ai 'yar kaɗan ce da aka auna da gangan. Ka dubi tafkin Onondaga a jihar New York, wanda ya sha kusan tan 75 daga 1946 zuwa 1970. Jira bai yi ba. Sai da aka yashe lakar, aka gama a 2014, aka shimfiɗa sabon rufi a ƙasan.

Likita: Kin manta abu ɗaya, Malama. Tun 2011 ake zuba sinadarin naitiret a zurfin ruwan Onondaga lokacin zafi don hana bakteriyar aikinta, kuma metilmakuri ta faɗi warwas a ruwan ƙasa tun kafin a gama yasar.

Injiniya: Yauwa! Ashe ba injin ne ya yi aikin duka ba.

Malama: Ba kuma zaman jira ba ne, ranka ya daɗe. Hannu aka sa.

Injiniya: To lakar da aka kwaso fa? Zaiba ba ta ruɓewa. A bayan gidan wa za a jibge ta?