Raye: Da Ƙafarta Ta Hau, Ko Tsani Aka Kafa Mata?

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya na sake kallon bikin kyaututtukan waƙa na Birtaniya, wato BRIT, na 2 ga Maris 2024, daren da Raye ta kwashe shida rigis. Kafin ita ba wanda ya taɓa wuce huɗu a dare ɗaya, har su Adele da Harry Styles. Kuma fa ta yi wannan ne bayan ta rabu da kamfanin da ya daure ta shekara bakwai. Ni dai na gama yanke hukunci: yarinyar nan ita ta yi kanta, kuma kamfanonin waƙa ba su da sauran amfani. Wanda bai yarda ba ya fito fili.

Kawu: Wa'alaikumus salam. Wace ce kuma Raye? Ku riƙa yi wa tsofaffi bayani kafin ku fara kiran mutane fili.

Auta: Ku yi haƙuri Kawu. Mawaƙiya ce 'yar Ingila, sunanta na yanka Rachel Keen, an haife ta a Landan a 1997. Tana da shekara 17 kamfanin Polydor ya ɗauke ta, a 2014, kan za ta yi kundin waƙoƙi huɗu. To a watan Yunin 2021 ta fito a Twitter ta ce tun daga lokacin ko kundi ɗaya ba a bar ta ta fitar ba, waƙoƙinta na jibge suna shan ƙura, wasu ma tana bai wa manyan mawaƙa. Wata na zagayowa suka rabu. A Fabrairun 2023 ta fitar da kundinta na farko, My 21st Century Blues, da kanta.

Mai Studiyo: Ƙanwata, tarihin da kika kawo daidai ne, hukuncin ne ya karkace. Shekara bakwai ɗin nan ba a ɗaki aka kulle ta ba. A cikinsu ne ta yi You Don't Know Me da Jax Jones, ta yi Bed da Joel Corry da David Guetta, dukansu suka kai na uku a jadawalin waƙoƙin Birtaniya. A cikinsu ne sunanta ya shiga jerin marubutan waƙar Bigger ta Beyoncé a 2019. Wa ya shigar da 'yar shekara goma sha bakwai ɗakunan da ake haɗuwa da irin waɗannan? Ranar da ta yi kukanta a Twitter, duniya ta saurara ne don an riga an san muryarta. Yara nawa ne ke irin wannan kukan kullum ko tari ba a yi musu?

Auta: Yaya, ai wannan shi ne abin haushin. Waƙoƙi biyun farko da ka lissafa duk na rawar kulob ne, sunan wani a gaba, nata a baya. Ita kuma abin da ke ranta daban. Ka saurari kundin nata: akwai shaye-shaye da ta yi fama da shi, akwai ƙin jinin surar jikinta, akwai cin zarafin da ta ce wani mai haɗa kiɗa ya yi mata. Wane kamfani ne zai ce wannan zai sayu?

Mai Studiyo: Ban ce sun yi mata adalci ba. Cewa na yi sun yi mata amfani. Abu biyu ne. Kuma ko batun kundi, a 2020 sun fitar mata da Euphoric Sad Songs.

Auta: Wanda suka kira ƙaramin kundi! Ka ga wayon ai. A ba ka ɗanɗano a ce ba abinci ba ne.

Anti Malama: Bari in sa baki. Auta, kalmar da kika yi amfani da ita ce ta fi ƙarfin hujjarki. Ba wanda ke yin kansa. A coci yarinyar nan ta fara waƙa, cikin gidan da ake kiɗa. Tana shekara 14 ta shiga BRIT School da ke Kuroidon, makarantar fasaha ce ta kyauta, inda Adele da Amy Winehouse suka zauna, kuma masana'antar waƙar da kike zagi tana cikin masu tallafa mata da kuɗi. Gaskiya ne ba ta ƙarasa ba, shekara biyu ta yi ta fita. Yanzu kuma mahaifinta ne manajanta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mai Studiyo: Anti kin taimake ni. Ga ma wanda ya fi: kundin da ake cewa ta fitar da kanta, kamfanin Human Re Sources ne ya rarraba shi. Shi kuma Sony ta saye shi tun 2020. Wato ta fita ta ƙofar Universal, don Polydor nasu ne, ta shigo ta tagar Sony.

Auta: Haba Yaya! Ai mai rarraba kaya ba shi ne mai kaya ba.

Ɗan Baiti: Nan ne nake jira a zo. Auta ta yi kuskure a farko, amma a wannan gaɓar ita ke da gaskiya, kuma Mai Studiyo ya sani, yana dai kare sana'arsa ne. A tsohon tsari kamfani ke biyan kuɗin studiyo da bidiyo da talla, ya rubuta su a matsayin bashi a kan mawaƙi, sannan asalin faifan ya zama nasa, shi ke cewa a fitar ko a ajiye. A tsarin rarrabawa kai ke da kayanka, su kai maka kasuwa su cire kasonsu, kamar yadda direba ke kai maka buhunan albasa Legas ba tare da ya ce albasar tasa ce ba.

Na san zafin abin a jikina. Shekarun baya na zauna dare uku a wani studiyo a Kano, janareta na ɗaukewa yana dawowa, na rubuta wa wani mawaƙi baitoci goma sha biyu da amshi a bayan takardar magani. Aka ba ni kuɗin mota da lemo mai sanyi. Bayan wata biyu ina cikin adaidaita sahu na ji waƙar na tashi, direba na bin amshin da bakinsa. Sunana bai fito ko'ina ba. Shi ya sa a duk kyaututtuka shidan nan, wadda ta fi taɓa ni ita ce ta gwarzuwar marubutan waƙa, da yadda ta tsaya a gaban shugabannin kamfanonin ta nemi a riƙa ba marubuta kaso daga kuɗin faifai. Wanda bai taɓa rubuta wa wani ba zai ɗauka ƙaramar magana ce.

Mai Studiyo: Allah ya huci zuciyarka, ba studiyona ba ne dai ko?

Ɗan Baiti: Da naka ne da tuni ka ji ni.

Ɗan Zango: Ina gaishe ku daga Kumasi. Kuna ta rabon yabo tsakanin kamfani da makaranta, kun manta da mu. Mahaifiyarta jinin Gana ce da Suwizalan. Kuma da za ta karɓi kyautar kundin shekara, ba shugaban kamfani ta jawo kan dandamali ba, kakarta ta riƙo wa hannu tana kuka. Mu dai mun karɓi kasonmu.

Kawu: To ni tambaya ɗaya gare ni. In kamfanin ya ƙi waƙoƙin, ya aka yi jama'a suka ji su?

Auta: TikTok ne Kawu. Waƙar Escapism, wadda ta yi da 070 Shake, ta fito a Oktoban 2022. Mutane suka ƙara mata sauri suna ɗora ta a kan bidiyoyinsu, kafin ka ce kwabo ta zama ta ɗaya a Birtaniya a Janairun 2023. Ita ce ta ɗayanta ta farko. Abin da shekara bakwai na kamfani ba su ba ta ba kenan.

Mai Studiyo: Wannan kam na sallama, ba ni da amsa. Sai dai kada yaranmu su ji wannan su ce kowa ya yaga takardarsa ya koma TikTok. Dubu nawa ke ɗora waƙa kullum? Ita ta zo da gwanintar shekara goma a hannu, sa'a ta same ta a shirye. Kundin nata ma a matsayi na biyu ya tsaya a jadawalin, Shania Twain ta sha gabanta a makon.

Anti Malama: Abin da ya ba ni dariya shi ne cikin shidan har da kyautar sabuwar mawaƙiya. Mutum ya shekara goma yana aiki a ce masa sabo.

Ɗan Baiti: Anti, ai ba su yi ƙarya ba. Wadda suka sani a da mai amshi ce a waƙar wasu. Wadda ta tsaya a zauren Royal Albert Hall a Satumban 2023, da cikakkiyar tawagar makaɗa a bayanta tana rera nata, ba su taɓa ganinta ba.

Auta: To na janye cewa ba wanda ya taimake ta. Amma batun kamfanoni ina nan kan bakana.

Mai Studiyo: Shi kenan. Ranar da kika gama waƙar nan taki da kike ta ɓoyewa, ki zo mu ga wa zai biya kuɗin man janareta.

Auta: Zan biya, amma faifan nawa ne. Ɗan Baiti ne shaida.

Kawu: Ni dai har yanzu ba wanda ya turo mini waƙar in ji.