Bita ko kuɗin fita? Gardama a zauren 'yan jaridar Damagaram

Hajiya Rabi: Salamu alaikum 'yan zaure. Zan ajiye magana, mai musu ya musa. Kuɗin da masu tallafi ke zubawa a tarukan bita na kwana uku da sunan kare mata 'yan jarida ba sa kare kowa. Ku lissafa: hayar ɗakin taro, abincin rana, shayin ƙarfe goma, masaukin mai koyarwa da aka ɗauko daga Yamai. Ranar da aka watse, yarinya ta koma gidan rediyon da ba ta da kwantiragi, ba ta da lambar CNSS, wato asusun inshorar ma'aikata, gobe a ce ta tafi Magarya ɗauko rahoton wani taro ba ko dala a hannunta. Wadda ba a ba kuɗin mota, motar mai taron za ta shiga. Daga nan ba ta iya yi masa tambaya mai zafi, ba ta kuma iya cewa "ni zan koma gida yanzu". Haɗarin ke nan. A mayar da kuɗin bita kuɗin fita.

Malam Sani: Hajiya, da girmanki, amma kin yi wa bita kuɗin goro. Akwai abin da albashi ba ya koyarwa. Dokar 'yancin jarida ta 2010 ta cire ɗauri kan laifin da aka yi ta jarida, shi ya sa yara da yawa ke zaton sun tsira. Amma abin da kika rubuta a Facebook ko kika tura a WhatsApp, dokar laifukan intanet ta 2019 ce ke kamawa. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna daga cikinta, a watan Yunin 2024 aka mayar da shi. 'Yar jarida Samira Sabou ta yi kwana 48 a tsare a 2020 kan rubutun Facebook. Wadda ba ta san wannan bambanci ba, ko nawa ake biyan ta, a bakin rijiya take tafiya.

Hajiya Rabi: Wannan karatun awa biyu ne, Malam. A kira lauya ya zo ɗakin labarai ranar Asabar. Ba ya buƙatar otal.

Malama Zuwaira: Ni ina tsakiya. Mafi yawan tsangwamar da mata ke sha ta waya take shigowa, kuma ƙofarta shirin kiran masu saurare ne. Layin gidan rediyo ya lalace, sai a ce mai gabatarwa ta faɗi lambarta "na yau kaɗai". Shi ke nan, kiran ƙarfe biyun dare ya fara, miji ya fara tambaya, wata uku a ji ta ajiye aiki. Maganin ba shi da tsada: layin aiki daban, wanda ke kwana a ofis. A WhatsApp a sa lambar sirri mai lamba shida, a ɓoye hoton fuska ga wanda ba ya cikin wayarki. In barazana ta zo, kada a yi saurin toshe mutum ko goge saƙo. A fara ɗaukar hoton allon yadda lambarsa da rana da lokaci za su fito, a tura kwafi ga edita, sannan a toshe. Kuskuren da ake yawan yi, a goge don kunya, a je wurin 'yan sanda hannu rabbana. To wannan ilimi ne, Hajiya, amma waya ta biyu kuɗi ce. Kun ga kowa da gaskiyarsa.

Alhaji Ila: Ku bar ni in yi maganar masu gidajen rediyo, tunda mu ake zagi a kaikaice. Kuɗinmu daga ina? Sanarwar biki, suna, rasuwa, cigiya, tallan maganin gargajiya, sai kwangilar ƙungiya in an dace. Mafi ƙarancin albashi ya koma jaka 42 tun 2024. Ma'aikata goma jaka 420 ke nan kowane wata, ba a sa wuta ba, ba man janareta, ba kason CNSS. Kuma mai tallafi ba ya biyan albashi, domin aikinsa na shekara ɗaya ko biyu ne, ba ya son ya bar wa kowa nauyi. Bita kuwa tana da takardar sa hannu da hoto, rahotonsa ya cika. Ni a ganina hanya mafi sauƙi, mata su riƙe situdiyo da aikin cikin gari, maza su yi ƙauye.

Nana: Baba Alhaji, a gafarce ni, wannan kariya ce irin ta kulle. Wa ke shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" ya ji ta bakin mai jego kan kuɗin awo? Wa uwar yaro mai tamowa za ta gaya wa gaskiyar abin da ke cikin tukunyarta? Namiji a zaure zai tsaya, maigida ya amsa masa a madadin kowa. Sannan wadda ba ta fita ba ta da rahoto mai sunanta, ranar da za a naɗa edita a ce ba ta da gogewa.

Yaya Hadiza: Nana ta faɗi. Fita tana da tsari, ba sa'a ba ce. Takardar aiki mai hatimi da sa hannun darakta, da katin ɗan jarida, a aljihu ba a ƙasan jaka ba. In an isa, a fara gaida maigari kafin a kunna rikoda. Minti goma ne, amma ya mayar da ke baƙuwarsa. Edita ya riƙe sunan direba da lambar mota. A yanke lokacin kira, misali azahar da la'asar. In aka wuce awa ɗaya shiru, ya san wa zai nema. Kada a dogara da tura wuri ta WhatsApp, domin bayan an bar kwalta rezo yakan ɗauke. Mirya kusa ce, ana iya dawowa ko da yamma. Tanut ko Gure kuwa, ko dai a kama hanya kafin la'asar, ko a san tun daga gida inda za a kwana, kuma kada ya zama masaukin da mai taron ya kama.

Abu ɗaya Alhaji bai taɓo ba. Dokar ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 14, amma wadda aka bari shekara biyar da sunan mai koyon aiki ba ta cikin lissafin kowa. Ta haihu, ta dawo, ta tarar an ba wata shirinta.

Malam Sani: To mu raba gardama da lissafi. A bar bita ta kwana ɗaya, ragowar a zuba a asusun fita. Kowace fita a ƙayyade mata kuɗi dunƙule gwargwadon nisa, domin ɗan kabu-kabu ba ya ba da rasit, kuma neman rasit shi ke koya wa mutane ƙirƙirar na jabu. A tura kuɗin kai tsaye ga mai rahoton ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana, rabi kafin tafiya, rabi bayan an watsa. Sharaɗi: a faɗi sunanta a ƙarshen rahoton, da muryarta, ba wani ya karanta aikinta ba. Ta kuma ajiye kwafi da kwanan wata, domin duk gasar da za ta shiga shi za a fara nema.

Hajiya Rabi: Sunan nan ba ƙaramin abu ba ne. Mariama Keita, mace ta farko da ta yi aikin jarida a ƙasar nan, ta rasu a 2018. Ku tambayi masu koyon aiki su nawa suka san ta. Na yarda da kwana ɗaya, Malam, ban yarda da otal ba. Zuwaira da Hadiza su rubuta tsarin a shafi biyu, mu miƙa shi ranar 30 ga Nuwamba, ranar 'yancin jarida ta ƙasa.

Alhaji Ila: In kuɗin ba su biyo ta hannun darakta ba, wa zai ɗauki alhaki in wani abu ya same ta a hanya?

Yaya Hadiza: Wanda ya sa hannu a takardar aiki, Alhaji. Za mu sa shi a layin farko.