Neman shawara: tsohuwar kwamfutar shagona ta yi nauyi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da shagon buga takardu a kusa da Ƙofar Ƙaura a nan Katsina, kuma kwamfutar tebur da nake aiki da ita ta hannu ce, na saye ta shekara biyar da suka wuce. Core i5 ce ta ƙarni na uku, RAM ɗinta 4GB, faifan ajiyarta mai juyawa ne, tana kan Windows 10. Idan na kunna ta da safe, sai na gama sharar shago kafin ta tashi, idan kuma na buɗe CorelDRAW domin zana katin biki alhali Word yana buɗe, sai ta daskare, fankarta tana ta ƙara. Lokacin da ɗalibai suke kawo furojet ya gabato, ba ni kuma da kuɗin sabuwa. Da me ya kamata in fara?

Amsar wani mai gyara daga Daura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta zamani da ba ta juyawa, kafin komai, domin faifan da ke ciki shi ne yake riƙe ta. Mai juyawa da ƙyar yake wuce 150MB a daƙiƙa, SSD mai haɗin SATA kuwa yana kaiwa kusan 550MB, bambancin ya fi fitowa wajen tashi da buɗe manhaja. Ka sayi 256GB a ɗora Windows sabuwa a kansa, tsohon faifan ya zauna a matsayin ma'ajiyar ayyukan mutane, amma ka kwashe su zuwa wani wuri kafin a taɓa komai. Ƙarar fanka kuma aikin ƙurar hunturu ce. A buɗe a busa, a goge tsohon man da ke kan furosesa a shafa sabo.

Amsar wata malamar kwamfuta:
Na yarda da maganar SSD, sai dai daskarewar da ka ambata ta fi kama da ƙarancin RAM. Irin taka RAM nau'in DDR3 take ɗauka, DDR4 ba zai shiga raminta ba, don haka ka tafi kasuwa da wanda ke ciki. Ka kai ta 8GB. Ka tabbata Windows ɗin 64-bit ce, saboda 32-bit ba ta amfani da abin da ya haura 4GB.

Amsar wani dattijo a zauren:
Ɗana, kada ka zuba kuɗi da yawa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da furosesar Intel daga ƙarni na takwas, taka kuwa ta ƙarni na uku ce. Amma ka haɗa da UPS, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci, domin ɗauke wuta tana tsakiyar aiki yana lalata fayil.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, 32-bit ce a kai. Zan sayi SSD ranar Asabar, RAM kuma sai ƙarshen wata.