Kujerar da aka jingine

'Yar Fagge:
Shekara shida ina bautar ƙungiya, ban san gajiyawa,
Ni ke raka zawara kotu, ni ce mai rubutawa,
Kuɗin adashi a jakata yake kwana, ko sisi ba ya ɓacewa.
Ran da aka ce "'yar maɗigo ce", gaisuwa ta daina zuwa,
Cikin dare aka fidda ni a WhatsApp, babu ko sanarwa,
Kujerata ta roba na jingine a bango, ba mai tambayawa.
Anti, 'yancin matan da muke wa kirari, ban da ni a ciki kuwa?

Anti ta Gwammaja:
'Yata, ni na cire ki, na danna hannuna na rawa.
Dokar 2014 da Jonathan ya sa wa hannu ba a rainawa,
Ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi, 10 ga mai tallafawa.
Ga shari'a tun 2000, ga Hisbah na zagayawa,
Da ma can ana ce mana 'yan kwangilar Turawa.
In aka garƙame ofis, marayun nan wa ke ciyarwa?

Malama ta Ɗorayi:
Ni ba hukuma nake tsoro ba, addini nake dubawa,
Haramun ne, Anti, ba na kwana-kwana wajen faɗawa.
To amma wa ya gani? Leƙen asiri ma akwai hanawa.
Zance ya taso a gidan biki, bakin murhu ana tuƙawa,
Kuka yanke hukunci, ko kiran ta ba ku yi ba ta kare kanta kuwa.

'Yar Fagge:
Na gode Malama, sai dai ban zo neman wankewa ba,
Abin da ke zuciyata ban taɓa kawo shi taro ba.
Gambo Sawaba ta sha ɗauri, an kore ta daga Kano, ba ta yi shiru ba,
Ba sunan banzan da ba a kira matan NEPU da shi ba,
Kafin 1976 mace a Arewa ba ta jefa ƙuri'a ba.
Yau hotonta na saman teburinku, ba ku ji kunyarsa ba?

Anti ta Gwammaja:
Kin soke ni inda ke ciwo, bari in haɗiye.
Littafin adashi na wurinki, lissafi ya tsaya a waje ɗaya.
Kawo shi bayan la'asar, ki shigo ta ƙofar baya.

'Yar Fagge:
Ƙofar baya, Anti?
Littafin na nan kan firji, na sa shi a leda.
Mai so ta hau adaidaita sahu, Fagge ba nisa.